Hannun Hassana

Ma'u tana ɗaure ƙirjinta da tsohon zane sa'ad da mijinta Halliru ya shigo ko sallama babu. Kwana huɗu ke nan da yaye tagwayenta, nono ya cika ya yi tauri, ko hannu ba ta iya ɗagawa sosai. Tana ganin fuskarsa ta san ba alheri ya kawo ba.

"Daga gidan Inna nake," ya ce. "Yaron nan har yanzu ruwa kaɗai yake kurɓa. Jiya an yi masa ɗurar kunu, ya amayar. Da safen nan na kai shi asibitin En'e, malamin ya duba idonsa, ya latsa cikinsa, ya ce ba ciwo ba ne, yunwa ce. Wai in aka ƙara kwana biyu a haka, shi ba ruwansa."

Ma'u ta sunkuyar da kai. Haka aka koya mata. Hassana da Hussaini 'ya'yanta ne na fari, uwar 'yan fari kuwa ba ta kiran sunansu, ba ta kallonsu a gaban mutane, balle ta sa baki a zancensu.

Ranar yayen kakanni biyu suka zo, kowace da zanen goyonta, don a gidan kaka ake yaye yaro har ya manta da nono. Tasalla, uwar Halliru, da ke bayan kasuwar Kazaure, ta ce jinin ɗanta ne. Dela, uwar Ma'u, ta taso takanas daga Roni, ta ce ai ita ta sha hayaƙin ruwan jego kwana arba'in. Halliru mai awon gyaɗa ne a sikelin kamfani, mutumin da ya saba daidaita komai, sai ya yi abin da ya iya, ya raba. Hassana ta tafi Roni, Hussaini ya zauna Kazaure. Aka ba kowanne sabon ƙoƙo da sabon ludayi iri ɗaya, kada tagwaye su ji an fifita wani su turo wa mutane kunama. Maza a zaure suka yi ta yaba wannan dabara, kai ka ce ya raba gardamar gona.

Mutum ɗaya ce ta san ɓarna aka yi, ita ce wadda ba a tambaya ba. Tun suna wata bakwai Ma'u take ajiye musu ƙoƙo ɗaya a tsakani, ta koma bakin murhu tana satar kallonsu. Hassana ce mai ci. Ta tsoma hannu a kunu ta lashe, ta sake tsomawa ta cusa a bakin ɗan'uwanta. Hussaini, ɗan firit da shi, bai taɓa karɓar ludayi ba, ko daga hannun uwarsa. Tuwo ma sai wanda Hassana ta dagula. Ranar rabon maganar ta zo wa Ma'u har leɓe, ta dubi surukarta, ta haɗiye.

"Malam," ta ce a hankali, "a ɗauko 'yar'uwarsa."

"A ɗauko ta a ce me? In je in tsaya gaban mahaifiyarki in ce na fasa? Ki bari mu ga gobe."

"Ba shi da gobe. Ni zan je."

Halliru ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Tsoro ne ya hana shi musu, don shi ma ya ɗauki yaron da safe, ya ji kamar tsumma ya ɗauka. Ya fita ya roƙi Daudu, direban motar kamfani, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama, wanda zai je Roni kwaso buhuna. Kafin ta hau, Ma'u ta shafa maɗaci a nononta, ta sake ɗaurewa.

Hanyar duk duwatsu ce. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji kamar an soka mata allura a ƙirji. Ba ta yi kuka ba, addu'a ɗaya take maimaitawa, Allah ya sa ta tarar da shi da rai.

Ta sami Hassana zaune a tsakar gidan Dela, kumatu duk miya, tana kokawa da loma. Har ta yi ƙiba. Yarinyar na ganin uwarta ta yar da tuwon, ta tsala ihu, ta kama zanenta tana laluben ƙirji.

"Kin gani ko!" in ji Dela. "Wahalar kwana huɗu kin rushe mini. Wace uwa ce ke bin yaye? Ko so kike a ce a Kazaure ban ba ki tarbiyya ba?"

"Gwaggo, ɗayan ba ya ci."

"To ni na hana shi? Tasalla ba ta ce ta fi kowa iya reno ba?"

"Mutuwa zai yi, Gwaggo."

Dela ta sunkuya. Ta ɗaga Hassana, ta goge mata baki, ta ɗora ta a bayan Ma'u da hannunta. Amma ba ta raka su ko zaure ba, ba ta kuma ce a sauka lafiya ba.

La'asar sakaliya suka iso. Tasalla tana zaune a gindin rumbu, Hussaini kwance a cinyarta, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, ko kuka ya daina. Halliru na tsugune gefe da kwalbar maganin asibiti da ba a ko taɓa ba. Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi magana, Ma'u ta wuce ta ba gaisuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki ƙoƙon kunun da ya huce, ta cire ludayin ta jefar, ta shimfiɗa tabarma. Ta karɓi yaron ta jingina shi da buhun gero, ta sauke Hassana a gabansa, ta ajiye ƙoƙon a tsakani.

Hassana ba ta ko kalli kunun ba. Nono take so. Ta kama, ta ji ɗaci, ta saki, ta yi ta birgima tana shure-shure har ta kusa kifar da ƙoƙon. Ma'u ta tare shi da hannu. Ashe a banza ta ɓata wa uwarta rai?

Da yarinyar ta gaji da kuka, ta zauna tana ajiyar zuciya. Ta ga kunu, ta tsoma hannu ta lashe. Ta sake. Sai a karo na huɗu ta lura da wanda ke gabanta. Ta dube shi, ta dangwalo, ta dafa masa a fuska, rabi a hanci rabi a baki. Hussaini bai motsa ba. Can sai harshensa ya fito. Ya lashi leɓe, ya kama yatsun da hannu biyu.

Halliru ya rufe fuska da hularsa.

"Dama haka yake ci?" Tasalla ta tambaya, murya ƙasa ƙasa.

"Haka yake ci, Inna."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun suna wata bakwai."

"Kika bari na toshe masa hanci ina ɗura masa kunu? Kika yi shiru?"

Tasalla ba ta sake tambaya ba, don ita ce ta cika unguwa da labarin surukarta mai kunya, wadda ko sau ɗaya ba a taɓa kama ta tana kallon 'ya'yanta ba.

Bisa sabo Ma'u ta juya wa tabarmar baya. Ta ji Hassana ta sake tsoma hannu, amma ba ta ji ƙarar haɗiya ba. Sai ta juyo, ta durƙusa a gaban yaron, miji da suruka suna kallo.

"Hussaini," ta ce. "Buɗe bakinka, Hussaini."