Malam Ladan a Saman Lilo

A shekarun da ake ta kafa elementare a ƙauyuka, kafin a sami mulkin kai, an yi wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Badafi, sunanta Kulu, mai sayar da daddawa. Allah ya hore mata jiki. In ta zauna a kan turmi sai a nemi turmin a rasa, jakuna kuwa in suka hango ta tafe sai kowanne ya shiga kallon wani wuri. Jikanta Sale take riƙo, tana kiransa angonta. Da dagaci ya zo ɗibar yaran boko, hannu ya faɗa kan Sale. Kulu ta yi kuka, ta yi zage-zage, daga baya ta haƙura.

Ana nan sai aka ce wani mutum, wai shi Ɗantani, ya kafa lilo a kasuwar Kafin Maiyaƙi. Ba irin na igiya da ake ɗaurawa a reshen tsamiya ba. Wannan kamar ƙafar keke yake a tsaye, amma ya kere rumfunan kasuwa nesa ba kusa ba, an haɗa shi da azara da gwangwala, ga akwatuna huɗu suna reto a jikinsa. Mutum ya shiga akwati, ƙarti su tura, ya tafi sama, ya dawo ƙasa, ya koma. A gefensa har da wata kaza da aka ce ƙafarta uku, ko da yake ta ukun ba ta taka ƙasa.

Ranar kasuwa Kulu ta tare Sale a hanyar makaranta.

"Angona, juya. Yau rakiya za ka yi mini wurin lilo."

"Tsohuwa, Malam zai dake ni."

"Ina raye? Ko ƙuda ba zai sauka a bayanka ba."

Washegari Malam Ladan, wani siririn saurayi da aka turo daga birni, ya ce wannan fashi ne, kuma ladan fashi bulala ce a gaban yara duka. Sale ya tsere gida yana kuka. Kulu ta ɗaura ɗamara, ta riƙo hannunsa, ba ta tsaya ko'ina ba sai zauren dagaci. Aka aika Malam ya zo.

Bayan an gaisa Kulu ta ce, "Ranka ya daɗe, karatu na kai shi. Su a ɗaki suke nuna wa yara duniya a jikin takarda. Ni kuwa na ɗaga shi sama ya gan ta da idonsa."

Malam ya gyara zaman farar rigarsa ya ce, "To, Iya, me ya koyo?"

"Ya koyo rumfar mahauta a ɓule take ta sama."

"Sai me?"

"Ya koyo in mutum ya sha fura kada ya hau."

Fadawan dagaci suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Malam ya ce shi dai abin da aka koya masa, karatu a aji ake yinsa, wasa kuma sunansa wasa ko da a saman gajimare aka yi shi. Ya ce in ya ƙyale wannan, gobe wani zai tafi kallon dambe ya ce lissafi ya je koyo.

Dagaci ya shafa gemu. In ya ba Kulu gaskiya, Malam zai kai ƙara wurin hakimi. In ya ba Malam gaskiya, miyar gidansa ta shiga uku, don duk ƙauyen babu mai daddawa sai Kulu. Can sai ya ce, "Malam, ka taɓa hawan abin nan?"

"Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe."

"To a rataye bulalar nan tukuna. Kasuwa mai zuwa ka je ka hau. In ka sauko ka ce wasa ne, a daki yaro. In ka ce karatu ne, magana ta ƙare."

Kulu ba ta ji daɗin hukuncin ba, don ta ga an danƙa wa mai bulala alƙalanci. Amma ta ce ta yarda, da sharaɗin ita ma za ta hau, kada ya je ya runtse ido ya dawo ya ce bai ga komai ba.

Shi Ɗantani yana da yadda yake aikinsa. Ba ya zuba mutane haka kawai. Sai ya auna su da ido, kamar mai sayen rago, ya sa masu nauyi ɗaya a akwatunan da ke kallon juna, don kada gefe ya rinjayi gefe. Da ya dubi Kulu, ya dubi Malam, sai ya sosa ƙeya.

"Malam, sai dai ka rungumi buhun gero."

"Buhu? A kan wannan rigar?"

"To ko tunkiya. Akwai mai hankali a nan."

Malam ya ce shi ba za a haɗa shi da tunkiya a gaban jama'a ba. Haka ya shiga akwatinsa shi kaɗai, ya ƙanƙame gwangwala. Kulu ta cika nata akwatin har yana ƙara. Aka sa yara a sauran biyun, ƙarti suka yi bisimilla suka tura.

In Kulu za ta hau, sai ƙartin sun haɗu suna nishi. In za ta sauko kuwa, sai su yi tsalle gefe, Malam ya wuce sama kamar an harba shi da gwafa. Duk zagayen da aka yi, ba abin da Kulu take ji daga ɗaya gefen sai salati.

Ana cikin haka aka kira azahar. Ƙarti suka sauke yaran, suka saki abin don su huta. Lilo ya yi 'yan kai-komo ya tsaya inda nauyi ya kai shi: Kulu a ƙasa, ƙafarta na taɓa turɓaya, Malam can ƙololuwa.

Ɗantani ya zo zai sauke su, Kulu ta ce, "Ku je kada jam'i ya wuce ku, ɗan nan. Ni da Malam muna da magana."

"To, Iya, kada ki tashi fa. Kina tashi, gaba ɗaya zai sauko."

Suka tafi. Kulu ta ɗaga kai, ba ta ganin komai sai gindin akwati da ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Malam! Karatu ne ko wasa?"

"Iya, ki ji tsoron Allah!"

"Ina ji. Ƙafata ce dai ta fara gajiya da zama."

Ta ɗan muskuta. Lilo ya yi ƙiii.

"Zauna! Don girman iyayenki zauna!"

"Ka buɗe idonka?"

Shiru. Ta sake tambaya, shiru. Sai gaban Kulu ya faɗi. Ita dai bayan angonta take son tsarewa, ba ta zo kashe ɗan mutane ba. Tana shirin ƙwala wa Ɗantani kira sai ta ji murya daga sama, a hankali, kamar mai magana cikin barci.

"Iya, shirwa ta wuce ta ƙarƙashina. Na ga bayanta. Ban taɓa ganin bayan shirwa ba."

"To madalla. Karatu ne?"

"Ga shanun Fulani can, kamar an watsa farin wake a tabarma. Ga rafi ya lanƙwasa ya bi bayan gonaki. Ni da na zana wa yara shi a miƙe! Iya, waɗancan duwatsun na kudu, na ina ne?"

"Ni daga nan ƙafarka kawai nake gani. Bulalar fa?"

"Wace bulala? A'a, babu bulala. Karatu ne. Ki gaya wa Sale gobe ya zo da wuri."

Kulu ta yi hamdala, ta ji wani sanyi har cikin ranta. Sai a lokacin ta lura akwatin ya matse mata kwankwaso, ƙafafunta sun mutu, rana kuma ta dafa mata ƙeya. Da ta hango Ɗantani ya fito daga masallaci, ta ɗaga masa hannu biyu.

"Zo ka sauke shi, ɗan nan, mun gama."

"Kada ka taɓa!" in ji Malam daga sama. "Ban gama ba. Yanzu zan sauko in yi salla."

Ɗantani ya ja ya tsaya, ya dubi sama, ya dubi Kulu.

"Malam, ƙafata fa!" in ji ta.

"Yi haƙuri, Iya, kaɗan ya rage. Ɗan karkata hagu, akwai wata rimi da ta tare mini hanyar Doguwa."