Mundayen Iya Zinariya

"Ƙirar Damagaram ce," in ji Larai, tana juya hannu don mata su gani da kyau. "Sababbi fil maigida ya sa aka ƙero mini."

Ana tsakiyar sunan jikanta ne, tsakar gida ta cika maƙil. A shekarar nan ta yunwa babu mai iya tara mutane a Gumel sai irin mijinta Ɗantala, mai sayar da hatsi, don haka har waɗanda ba a gayyata ba sun zo. Mundayen azurfa ne masu nauyi a hannun Larai, mata sai shafawa suke yi.

Laure dillaliya tana gefe da ƙwaryar kayanta. Ita ta sayar wa Larai mundayen da hannunta, amma ta yi shiru, don ba yau ta fara jin mai saye ta yi ƙarya ba. Sai Mero mai kitso ta waiwayo tana dariya.

"Kun ga abin arziki, ba tsofaffin tarkacen da Laure ke yawo da su gida gida ba."

Mata suka kwashe da dariya. Laure ta ji zuciya ta ɗebe ta.

"Sababbi? Wannan azurfar ta girme ki, Mero. Dubi zanen bakinta, wane maƙeri ke yin irinsa yanzu? Tun kafin Nasara su zo ƙasar nan take hannun Iya Zinariya!"

Larai ta ja mayafi ta rufe hannunta. Laure kuwa tun kafin ta rufe baki ta san abin da ta yi.

Iya Zinariya maƙwabciyar Laure ce, katanga ɗaya ta raba su. Matar Madugu Ilu ce, wanda a zamaninsa ayarinsa ke kai fatu Damagaram ya komo da kayan Larabawa. Madugu ya daɗe da rasuwa, ɗansu Hussaini ya tafi Makka a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya rage mata shi ne ɗakinta, wanda duk unguwa ke misali da jerensa: tasoshin tagulla a kan juna har kusa da rufi, da murjani, da duwatsun tsakiya. Ko amarya za a yi wa jere sai an ce a je a dubo na Iya.

Da damina ta ƙi, gero ya yi wuya, Iya ta kira Laure ta miƙa mata tasa ɗaya a naɗe cikin tsumma.

"Ki kai nesa. Ni da ke da Allah."

Haka suka yi ta yi. Laure ta fita da tasa ko ɗaurin murjani, ta komo da gero a ɓoye ƙarƙashin kayan dillancinta. Iya ta riƙa cike gurbin da ƙore, tana lulluɓe su da zane, ta bar 'yan tasoshin gaba suna ƙyalli. Mundayen ne kawai Laure ta yi wa ganganci ta sayar a cikin gari, don Larai ta saya da daraja.

Washegarin suna, tun da hantsi aka fara sallama a gidan Iya. Wannan ta kawo ɗan kunu, waccan ɗan dambu, kowace tana cewa "a yi haƙuri, ba yawa," idonta na kan jere. Mero har ta kai hannu ta ɗaga zanen, wai tana gyarawa. Ta bayan katanga Laure ta ji muryar tsohuwar, a sanyaye amma ba rawa.

"Na gode, na ƙoshi. Ku kai wa masu bukata."

Duk abin da aka kawo haka ya koma.

Laure ta kasa shiga. In za ta kasuwa sai ta zaga ta bayan masallaci don kada ta wuce ƙofar. Kullum ta ce gobe, goben ta zo ta ce sai ta sami abin da za ta faɗa. Tana jin tarin Iya ta katanga. Tana gani kuma hayaƙi ya daina tashi daga murhun gidan, ta ce wa kanta wataƙila da sassafe take girki.

Wata ranar Laraba da la'asar tana tankaɗe, ta ji muryar Iya ta katanga tana kiran ta.

"Laure. Ko kin yi ƙaura ne?"

Ta shiga kamar wadda ake ja da igiya. Iya na kwance a kan tabarma, ta zama kamar kara. Ta kwashe ƙoren nan duka ta kife su a gefe, ɗakin ya yi fayau, tasoshin da suka rage ba su kai a kira su jere ba. Laure ta duba tukunyar gero, babu ko tsaba. Sai a lokacin ta bar kanta ta gane abin da ta riga ta sani: in ba ita ta kawo ba, babu mai kawowa wanda Iya za ta karɓa.

Ta durƙusa, ta kifa goshinta a gefen tabarma.

"Iya, bakina ne. Na tona miki asiri a gaban mutane, na kuma bar ki..."

"Tashi. Ba ni da ƙarfin ba ki haƙuri." Ta numfasa. "Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yi zaton za ki shigo in zage ki mu wuce wurin."

Sai Iya ta nuna mata da hannu.

"Jawo mini abin da ke ƙarƙashin gadon nan."

Shantali ne na jan ƙarfe, butar alwalar Madugu, mai dogon wuya, an zane jikinsa da ganyayyaki. Laure ta daɗe a sana'ar nan, ba ta taɓa riƙe irinsa ba.

"Gobe kasuwar Maigatari. Ki sayar, ki sayo mini fari, saƙi mai kyau, wanda zai ishe ni."

"Haba Iya, za ki tashi."

"Na ƙi tuwon sadaka, ba za a naɗe ni da likkafanin sadaka ba. Za ki iya, ko in nemi wata?"

"Zan iya."

Kafin ta kwanta ranar, ta dama kunu ta kai. Iya ta dube shi, ta dube ta.

"Na cikin cinikin gobe ne," in ji Laure. "Zan cire."

Sai Iya ta kurɓa kaɗan.

Bayan sallar asuba Laure ta bi masu jakuna zuwa Maigatari. Hanya cike da mutanen arewa masu gudun yunwa, wasu na zaune a gindin itatuwa ba su ko ɗaga kai. A kasuwa ta nemi Barau, mai sayen tsofaffin kaya yana kai wa baƙin 'yan kasuwa a Kano tun da jirgin ƙasa ya iso. Ya juya shantalin, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya saurari ƙararsa.

"Wannan ba na ƙaramin gida ba ne. Na wa ne?"

"Na mai shi ne."

"Laure, kin san sana'a. In na ce musu daga gidan wane ya fito, daraja ta ƙaru, ke ma ki ƙaru."

"Ka saya a yadda ka gan shi, ko ka ba ni abina."

Ya dube ta da mamaki, don ya san ta da surutu. Ya saya. Ta zaga rumfar masaƙa tana murza fari tsakanin yatsu har ta sami wanda ya kwanta mata, ta auni gero da abin da ya saura.

Ta tarar da Iya da sauran numfashi. Tsohuwar ta sa aka warware mata farin a kan ƙafafunta, ta shafa shi, ta ɗaga gefensa wajen haske.

"Ba su cuce ki ba," ta ce. "Ajiye."

Daga ranar Laure ba ta sake fita talla ba. Ta dama, ta ɗaga kan Iya ta ba ta, amma cikin ya riga ya ƙi karɓa. Ba su ƙara tayar da maganar ba. Wani lokaci Iya ta ba ta labarin yadda ayarin Madugu ke shigowa gari, wani lokaci ta kira ta da sunan wata da Laure ba ta sani ba. Ranar wata Litinin da hantsi, Laure na yi mata fifita, ta ga ƙirjin ya daina motsi. Ta ci gaba da fifitar na ɗan lokaci kafin ta ajiye.

Da labari ya bazu, Larai ta aiko da sabon ƙyalle daga gidan Ɗantala. Laure ta tare shi a ƙofa.

"A gode mata. Iya ta tanadi nata."

Maza suka ɗauke ta suka tafi. Mata suka cika tsakar gida, ana addu'a, amma wasu sai matsawa suke yi wajen ɗakin suna miƙa wuya. Laure ta tashi, ta kwance asabarin ƙofar ta sake shi har ƙasa. Ta zauna a dokin ƙofa, bayanta na jingine da shi. Duk wadda ta matso sai ta amsa mata gaisuwa kanta a sunkuye, ba ta gusa ba. Rana ta juyo ta same ta a wurin, inuwar katanga ta zo ta wuce ƙafafunta, tana nan zaune.