Samirar Malam Halilu

"Maida shi ciki," in ji Malam Halilu. "Ba ni fita gaban mutane da abinci tsirara."

'Yarsa Fiddausi ba ta motsa ba. Tana tsaye a zaure riƙe da mazubin gilashi mai murfin roba, kunun gyaɗa ya kai rabinsa, ana ganinsa sarai ta kowane gefe. Ni kuma na zo ne in kama masa hannu zuwa tabarma, kamar yadda nake yi tun da ƙafafunsa suka fara rawa.

"Baba, likita ya ce in san abin da kaka sha."

"Likita na cin tuwo da mu?"

Ta juyo gare ni. "Kawu Zakari, kai mishi magana mana."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma na san ba a yi wa Halilu magana sau biyu.

A layinmu, bayan kasuwar albasa ta Illela, muna da ciyayya da ta girmi Fiddausi. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon tuwonsa, a jera a tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Mu huɗu muka rage: ni, da Halilu, da Dabo mai gyaran babur, da Idi tela. Kwanon Halilu samira ce ta silba, ƙarfe mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Ta sha faɗuwa daga hannun yara, gefenta ya lotsa, amma murfinta yana zama daram.

Bayan damina abinci ya fara tsaya masa a ƙirji. A asibitin Sakkwato suka ce hanyar abinci ce ta tsuke, tiyata ba za ta yi amfani ba, a ba shi mai ruwa-ruwa kawai. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya. Fiddausi ta bar koyarwarta a birni ta dawo gida ta karɓi murhu.

Da farko a samirar take zuba masa kunu, samira kuma ta dawo fes. Har ta buga wa yayyenta waya cewa Baba ya fara ci. Wata rana ta leƙo ta ga Dabo yana share kunu daga gemunsa. Washegari ta aika Konni aka sayo mata gilashin. Hujjarta ba ta da lam'a: ba ya riƙe wari, ba ya sauya ɗanɗano, kuma daga bakin zaure tana iya ganin inda kunu ya tsaya da wanda ya ɗaga shi. Ta ce za ta ci gaba da aiko mana tuwo a samira, shi kuma ya sha nasa. Halilu ya ƙi. Ya ce kwanon da mai shi bai sa hannu ba sadaka ce, kuma shi bai ga mabaraci a tabarmar nan ba.

A wannan maraicen ita ta yi nasara. Ya fita, ina riƙe da hannunsa na dama, gilashin a hagunsa.

Idi ya dubi kunun ya kawar da kai. Dabo, wanda kullum yake tsokanar Halilu a kan miyar gidansa, ya ce, "Sannu Malam. Ya jikin?"

"Jikin wa?"

Aka buɗe kwanona, aka buɗe na Idi. Halilu yana zaune da cokali. Fitilar shagon caji ta ƙetaren layi tana ratsa gilashin, duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya. Wani ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Wata tsohuwa ta ce a gwada sassaƙen wani itace da ake samu a Garu. Kafin a kira isha mutum biyar sun yi masa sannu, a wurin da a da shi ake tambaya yadda albasa ta kwana a kasuwa.

Washegari da na zo kama masa hannu ya ce in tafi, zai biyo ni. Bai biyo ni ba. Haka jibi, haka gata.

A ɗaki yana shan kununsa ba gardama. Fiddausi ta ce kullum yana kaiwa inda ta nuna masa da yatsa. Sai dai ya daina kunna rediyo, ya daina aski, kuma idan na shiga gaishe shi amsarsa ba ta wuce "lafiya lau". Mu ma a waje ciyayyar ta zama cin abinci kawai. Kowa ya wanke hannu ya tashi.

Ranar Lahadi, ana ta hayaniyar motocin kasuwa, Fiddausi ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure, gilashin a hannunta, babu komai a cikinsa.

"Ya shanye," ta ce. "Kawu, ya shanye duka, amma tun jiya bai ce min ko kanzil ba."

"To."

"Kai ka raka mu asibiti. Mi likitan ga yac ce maka da kunka keɓe?"

Na faɗa mata yadda aka faɗa mini: ko ya sha ko bai sha ba, Halilu ba zai kai bazara ba.

Ta ajiye gilashin. "In ya ci tuwo yana iya shaƙewa."

"Yana iya."

"Kuma in na ba shi samira ba ni sanin ko ya ci ko Kawu Dabo na ya ci."

"Ba ki sani."

Ta shiga gida. Da la'asar na ji ƙarar turmi ta bayan katanga.

Bayan magariba na tarar da Halilu a zaure kafin in yi sallama. Ya sa farar riga, an rage masa gemu, samirar tana kan cinyarsa ya dafe murfin da hannu biyu. Tafiyar da ba ta fi tsawon gida ɗaya ba sai da muka tsaya sau biyu ya huta. Bai ba ni kwanon ba.

Dabo ya buɗe baki, Halilu ya riga shi. "In ka ce min sannu, wallahi ka tahi gida da yunwa."

"Wa zai ce maka sannu? Mutumin da ya gudu don kar a ɗanɗani miyar gidanai?"

"Yau kam sai ka lashe hannu, baƙin makanike."

Ya ɗaga murfin da kansa. Tuwon shinkafa ne, an tuƙa shi da laushi sosai, da miyar kuɓewa ɗanya mai santsi. Ya yi bismillah, ya gutsuri loma ƙarama kamar ta yaro, ya juya ta cikin miya, ya kai baki. Muka ga maƙogwaronsa yana aiki. Idi ya miƙa hannu wajen kofin ruwa, Halilu ya harare shi, ya janye. Lomar ta wuce.

"Ku sa hannu mana," ya ce, idonsa ya kawo ruwa saboda wahalar haɗiya. "Ko kallo kunka zo?"

Muka sa hannu. Nasa ma yana cikin kwanon har muka gama, yana mulmula loma ɗaya yana ajiye ta a gefen Dabo. Ya tambayi Idi labarin ɗansa da ke Agadas. Ya ce albasar bana za ta yi ruwa ta ruɓe, duk wanda ya ɓoye zai yi kuka. Mutane suna wucewa, ba wanda ya tsaya.

Wannan ce fitarsa ta ƙarshe. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa, Fiddausi na kusa. Aka yi masa sutura bayan azahar.

Amma a maraicen Lahadin, bayan na kwantar da shi, ni na koma na ɗauko samirar na kai zaure. Fiddausi ta karɓa ta buɗe. Dabo ya suɗe ta tas, ko santsin miya bai bari ba.

"Nawa ya ci, Kawu?"

"Loma guda."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da murfin. Daga cikin ɗaki aka ji Halilu yana murɗa rediyo, yana neman tasha.