Ƙwan Fitilar Ɗakin Jego

Surukina ɗinkin labule yake yi, kuma mutum ne da ko kwandon shara ka ba shi sai ya yi masa kwalliya. Da 'yata ta kusa haihuwa, sai ya ɗauki kujera ya bi ɗakuna yana kwance ƙwayayen fitila. Ya cire farare daga falo da ɗakin kwana, ya sa masu ruwan ɗorawa. Wai farin haske na asibiti ne, yana kashe wa jariri ido, wannan kuwa kwantar da hankali yake yi. Kicin kaɗai ya bar wa fari, don kada mai yanka albasa ta haɗa da yatsa. Tagar ɗakin kuma ya rataya mata labule mai kaurin bargo.

Da na zo taya 'yata zaman jego na ga tsarin, sai na ƙyale shi. Gidan mutum gidansa ne. Ɗakin kam ya yi kyau, safe da rana kullum kamar la'asar sakaliya.

Jikana, wanda nake kira Angona, ya sha yabo wurin 'yan barka. Wannan ta ce fatarsa kamar gwal, waccan ta ce yaro mai haƙuri, ko kuka ba ya yi. Ni haƙurin nan ne bai kwanta mini ba. Na haifa, na raina, na san jariri mai lafiya ba shi da kunya, in yunwa ta taɓa shi unguwa sai ta ji. Shi kuwa sai an tashe shi, ya kama nono ya ɗan tsotsa, ya saki, ya koma barci.

Wata safiya uwarsa ta shiga wanka, ni kuma na ɗora ruwa a wuta, sai na saɓa shi a kafaɗa muka shiga kicin. Ina ce masa, "Ango ba ya barin amarya ita kaɗai a kicin," sai ya buɗe ido.

Farin idonsa ba fari ba ne, gwaiduwar ƙwai ce. Na danna hancinsa da yatsa na ɗaga, wurin ya fito rawaya. Na yaye rigar: ƙirji, ciki, har tafin ƙafa. Ciwon shawara. Na san cutar. Ɗan wata maƙwabciyata ta kama yana jariri, ya rayu, amma har ya girma bai taɓa jin muryar uwarsa ba.

Na koma ɗaki da gudu na duba shi ƙarƙashin ƙwan. Lafiya lau, kyakkyawa, launinsa ɗaya da zanin gado da bango da hannuna. Na dawo kicin, rawaya. Haka na yi ta safa da marwa kamar wadda ta zautu.

Surukina ya fito zai tafi shago. "Mama, lafiya?"

"Zo ka duba idon ɗanka."

Ya leƙa, ya ɗan yi murmushin yaƙe. "Ai farin ƙwan nan ne, Mama. Kowa ya tsaya ƙarƙashinsa sai ya yi kamar marar lafiya. Shi ya sa na cire su."

Tun da ya auri 'yata ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "To, rana ba kai ka sayo ta ba. Biyo ni." Na buɗe ƙofa na fita tsakar gida, na juya fuskar yaron ga haske. Ya duba, ya sake dubawa. Makullin shagon ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa.

A asibiti abin da ya fi tsorata ni shi ne ba a ce mu bi layi ba. Nas ta kalle shi sau ɗaya ta karɓe shi daga hannuna ta yi ciki. Aka tuɓe shi, aka rufe masa ido da ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila shuɗiya. 'Yata ta riƙe bakin gadon, nono yana jiƙa mata riga, tana ta tambayata, "Umma, zai tashi ko?" Na ce zai tashi, alhali ni ma ban sani ba.

Likita ya tambaya me ya sa ba mu gani da wuri ba. Ya ce idan shawara ta kai ƙwaƙwalwa, kunne take fara ci. Ranar da aka sallame mu ya ce launi ya sauka, amma gwajin kunnen bai fito sosai ba, mu dawo a sake.

Muka koma gida muka zama kurame mu ma. Kowa tafiya yake a hankali, magana cikin raɗa. Ba don kada a tayar da yaron ba. Tsoro muke a yi ƙara ya ƙi tashi. Na ɗauki murafen tukunya na je kansa na tsaya, hannuna ya ƙi haɗa su, na mayar kicin.

Washegari da hantsi surukina ya zuge labulen, ya ɗauko kujerar nan ya hau. Angona yana barci a kan gado. Ya kwance ƙwan mai ruwan ɗorawa, ƙwan ya zame ya faɗi a siminti, tau!

Yaron ya zabura. Ya watsa hannuwa biyu sama, ya buɗe baki ya tsala kuka.

'Yata ta yunƙura za ta ɗauke shi, na riƙe mata hannu. Na ce, "Bar shi tukuna." Uban ya sauko ya zauna a kan kujerar, ƙafafunsa cikin fasasshen ƙwan, ya rufe fuska da tafin hannu. Muka tsaya muna sauraron kukan.