Walkin Baba Baushe

Ni Kailu, ƙirjin Baba Baushe niɗ ɗauko, da tsawonai, da wuyanai. Zuciyar kokowa ce kawai anka mance ba a sa min ba. Shi ko shekara goma sha ɗaya yay yi ba wanda ya kai bayanai ƙasa cikin Kurfai duka.

Abin da nike so tun ina lakwal, makarantar boko, shi ne cali-cali, mutumin nan mai tsumma da ke shiga hili shina kwaikwayon 'yan kokowa har mata su riƙe ciki don dariya. Ka yi taku uku gabana, na kwashe tahiyarka. Mushenmu ma, malaminmu na aji, sau biyu shina korata saboda tarinai da nike kwaikwayo.

Bayan an gama yankan hatsi anka sa kokowa Filinge, ta zaɓen masu zuwa Tilaberi. Baba da kainai yar rubuta sunana. Da hantsi yah hiddo walkinai, tsohuwar fatar akuya mai layu, yaɗ ɗaura min a ƙugu.

Kakata Tambara tana zaune bakin ɗaki tana tsinkar yakuwa.

"Mijin banza," tac ce, "wagga huska taka kamar za a yi ma allura."

"Tsohuwa, in na kada mutum yau kishiya za ni yi miki."

"Kai? Ko kaza ba ka kamawa sai ka ba ta labari."

Baba bai yi dariya ba.

Da la'asar hili yac cika. Anka haɗa ni da Zakari na garin Damana, wani ƙato mai tahiya kamar ya tako ƙaya. Makaɗi yab buga taken Baba, jama'a sunka ɗau ihu: "Ɗan Baushe! Ɗan Baushe!" Na san ina iya kada Zakari, nan ne matsalar. In na kada shi yau, gobe Tilaberi, jibi wani wuri, shi ke nan na shiga, ba hita.

Nik kwance walkin a hankali, nin naɗe shi, nit tahi har inda Baba ke zaune nid durƙusa.

"Baba, ga kayanka. Ba ni iya ɗaukar su."

"Tsoro ka ji?"

"A'a. Ba nawa ba ne."

"Gaban mutane, Kailu?"

"Gida na gaya ma sau huɗu, Baba."

Yak karɓa, yat tashi, yak kama hanya bai waiwayo ba. Ganga ta tsaya. Wani yac ce min ragon banza, wani yat tohar da yawu.

Nij jawo tsumman da niɓ ɓoye cikin wando, niɗ ɗaura, nik koma tsakiyar hili da tahiyar Zakari, ƙaya da komi. Yarinya guda taf fara ƙyalƙyata. Sannan mutanen bayan rumfa. Sannan Zakari kainai yad dahe gwiwa shina cewa, "Allah shi isam min, haka nike?"

Kwana shida ke nan Baba bai amsa gaisuwata ba. Kullum da sahe ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, in jira kaɗan, in tashi. Gobe ma za ni zo. Daga nan in hau mota zuwa Bonkuku, sun aiko suna son cali-cali ran Jumma'a.