Saura Shafi Arba'in

Motar hayar da suke ciki ta faɗa rami, rular da ke hannun Auta ta zame daga kan layi, sai da yarinyar ta koma baya ta sake farawa. Uwarta ta dubi agogon waya. Uku da kwata. Ƙarfe huɗu za a rufe gasar karatu ta laburaren unguwa, ga shi saura shafi arba'in, Auta kuwa ranar da abin ya yi mata kyau shafi biyar take ci.

Dokar gasar ba ta da wuya a baki. Kowane yaro zai zura hannu a kwali ya zaro takarda, ya karanta irin littafin da ya faɗo masa, ba irin wanda ya saba ba. In ya gama sai ya zauna gaban Malama mai kula da laburaren ya ba da labarin har ƙarshe, a manna masa tauraro a allo. Gobe za a kira sunan duk mai tauraro a gaban iyaye.

Auta, ita ce fari ita ce autar, shekararta goma sha biyu, ba ta taɓa gama littafin da ba shi da hotuna ba. Haruffa rawa suke yi mata, sai ta danne su da rula. Takardarta ta ce labarin teku, aka miƙo mata wani mai kauri kamar bulo: wata yarinya ce ta ɓuya a kwalekwalen masunta don ta nemo wanta da ruwa ya tafi da shi. Auta da ko kwata ba ta tsallakawa sai an riƙe mata hannu.

Littafi ba ya kwana a gidansu sai uwar ta bincike shi. Ta tafi da shi kantin maganin da take aiki da niyyar leƙawa kawai, ita da karatunta bai wuce takardar cikin kwalin magani ba. Cikin kwana uku ta cinye shi a bayan kantar magani, har wani tsoho mai neman maganin tari ya tambaye ta ko rasuwa aka yi mata. Don haka ta san ƙarshen.

Ta matso ta yi ƙasa da murya. "Auta, rufe ki saurare ni. Bayan guguwar nan, wan nata..."

Auta ta matse littafin tsakanin gwiwoyinta, ta toshe kunnuwa da yatsu. Uwar ta janye mata hannu ɗaya, ta ce ba za ta iya zama gobe tana kallo a kira 'yar maƙwabta mai taurari tara, tata 'yar tana sunkuyar da kai ba. Jimla uku ce kawai, ta haddace, ta faɗa wa Malama, shi ke nan. Ai ta sha wahalarsa, ba sata ba ce.

"Umma, sati bakwai muna cikin kwalekwalen nan ni da ita," in ji Auta. "In kika faɗa mini, wallahi ko ƙofar ba zan shiga ba."

Uwar ta sake ta. Suka sauka a ƙofar laburaren.

Malama tana shirya littattafai a cikin kwali suka shigo. Ta dubi inda tsinken alama yake a littafin, ta girgiza kai. Ta tuna wa uwar cewa tun sati na biyu ta ce a canja wa yarinyar da mara nauyi, aka ƙi. Amma ita ma uwa ce. Ta jawo wani ɗan siriri daga kantar 'yan firamare, shafi goma sha biyu, agwagwa a bangonsa. Minti ashirin ya isa, in ji ta, tauraro kuma ba ya faɗin daga inda ya fito.

Uwar ta dubi agwagwar, ta dubi 'yarta da ta rungume bulonta a ƙirji, haɓa a sama.

"Mun gode, Malama. Ki ajiye wa masu shi."

Malama ta ce to, sai a ba ta littafin. Na gasa ne, yau ake tattara su a mayar babban laburare, katin Auta kuma an sabunta shi sau biyu, doka ba ta yarda da na uku ba. Ta miƙo hannu. Auta ta ja baya har ta bugi kantar littattafai.

Uwar ta shiga tsakaninsu, ta ajiye jakarta a kan tebur. "Katin yarinya ne ya ƙare. Ni ba ni da kati. Ki buɗe mini."

"Maman Auta, littafin matasa ne fa."

"Wa ya ce miki na tsufa? Shekara nawa kika ba ni?"

Wata mata da ke jiran ɗanta ta kwashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta ce direba zai zo ɗaukar kwalin, in ya tarar babu ɗaya ita za a tuhuma. Uwar ta ce a rubuta sunanta da lambarta da kantin da take aiki, duk mai tambaya a turo mata shi, ta iya magana da manya. In kuma ba za a iya ba, ga kujera, za su zauna har Auta ta gama, ko da kwana takwas ne. Ta ja kujerar ta zauna, ta harɗe ƙafa.

Malama ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta dubi su biyun. Sannan ta jawo fom.

"Sati biyu. Tauraro dai babu, kin sani."

"Na sani. Gobe ma za mu zo, a layin gaba za mu zauna."

Da suka fito Auta ba ta ko kai bakin titi ba, ta zauna a kan matakala ta buɗe littafin. Uwar ta kira mai kanti ta ce masa yau ba za ta dawo ba, ta kashe wayar kafin ya gama mita. Ta zauna gefen da rana take, inuwarta ta rufe shafin.

Can Auta ta ɗago, idanunta sun cika da ƙwalla.

"Umma, zai dawo?" Kafin uwar ta motsa baki ta ƙara, "A'a. Kar ki faɗa."

"Ba zan faɗa ba."

Ta juya kai tana kallon motoci, don kada fuskarta ta riga ta faɗa.