Daga Ɗaya Zuwa Goma

Duk likitan da ya taɓa aiki a garin Whyalla ya san tambayar, amma Warrick Dunstan ya fi su sanin amsarta. Za a ce maka, daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne? In ka ce huɗu, a ba ka farasitamol a ce ka je ka huta. In ka ce goma, a yi maka kallon maƙaryaci. Tara ce ke buɗe ƙofa, ita ma sai ka faɗe ta a hankali, kana cije leɓe, kamar ba ka so a ji. Da wannan tarar Warrick ya yi shekaru yana karɓar farar ƙwayar nan mai kashe zafi, tun daga ranar da ya faɗo daga rufin wani gida da yake gyarawa. Bayan nasa ya warke tuntuni, shi dai bai fasa zuwa karɓa ba.

Matarsa Noelene ce ke raka shi. Tana zaune gefensa yana faɗin tara, tana gyaɗa kai, har takan ƙara wa likita da cewa ai bawan Allahn nan ba ya barci. Sai ranar da ta same shi a cikin a-kori-kurarsa a ƙofar gida, inji na aiki, leɓɓansa sun yi shuɗi, sannan ta gane cewa shekara da shekaru shaidar zur take bayarwa ba ta sani ba. Ta yi jinyarsa, ta jure amai da rawar jiki da zagi har ya rabu da ƙwayar. Da ya dawo hayyacinsa ta faɗa masa magana ɗaya, ba da faɗa ba. Talauci ba zai kore ta ba, baƙar zuciyarsa ma ta saba da ita, amma duk ranar da ta sake jin lambar nan ta tara a bakinsa, za ta haɗa kayanta ta koma wajen yayarta a garin Port Lincoln. Warrick ya san Noelene ba ta maimaita magana.

Gudu ne ya riƙe shi. Ya shiga cikin masu fita bakin teku kowace Lahadi da safe, ƙarƙashin wata tsohuwa, Bev Tranter, wadda bakinta ya fi ƙafarta sauri. Yana cikin jin daɗin abinsa gwiwar hagu ta ba shi matsala, aka ce sai an yi aiki. Aka yi. Da za a sallame shi aka miƙo masa kwalin ƙwayar, ya ce a bar su da kayansu, ya koma gida da farasitamol da ƙanƙara. Ya sha wuya, wuya ta gaske, amma ya fita da ƙafarsa. Tun yana dogara sanda ya sa sunansa a gudun fanfalaki na birnin Adelaide, kilomita arba'in da biyu, don ya nuna wa Noelene, ko kuma wa kansa, cewa mutumin cikin motar nan ya mutu.

Mai yi masa gashin gwiwa ta kafa masa doka mai sauƙi: in ciwo bai wuce uku ba ya yi gudunsa, in ya wuce ya tsaya ya zo a duba. Bev ta ji dokar ta ɗauke ta kamar ita ta ƙirƙiro ta. Kowace Lahadi in an gama, ana tsaye wajen ajiye motoci ana shan kofi cikin iskar hunturu, sai ta tare shi da laƙabinsa.

"Waz, yau nawa?"

"Biyu."

"Biyun gidanku. Kana ɗingishi kamar tsohon kare kana ce mini biyu?"

"Tsufa ne, Bev. Ai ku kuka fara, mu muna biye."

Sai a yi dariya a wuce, don a cikin masu gudu ba abin kunya ba ne mutum ya ɗingisa. Abin kunya shi ne ya yi raki.

Gwiwar kam biyu ce, bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne wani ciwo da ya ɓullo a ɗaya ƙafar, mai lafiyar, can cikin kwatangwalo wajen matsematsi. Da farko sai ya yi nisa yake jin sa. Daga baya ya fara taso masa tun daga hawa matakala. Da wani ne da ya ruga asibiti, amma Warrick ya zauna ya yi wa abin lissafi irin nasa. Ba nan aka yanka ba, bai faɗi ba, bai bugu ba, to me zai kawo ciwo a nan? Ya san wannan wasan. A can baya, duk lokacin da jikinsa ke son ƙwaya, ciwo yake ƙirƙiro masa, yau a baya, gobe a haƙori, ciwo kuma mai zafi da zai iya rantsuwa a kansa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Sai ya yanke cewa tsohon maƙaryacin ne ya dawo da sabuwar riga, kuma maganinsa a ƙi kula shi.

Noelene ta gani. Ta ga yadda yake zama bakin gado yana fama da safa, yana ɗaga cinyar dama da hannu. Ta tambaye shi, ya ce biyu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tafi ta ɗora ruwan shayi. Tsoro ne ya hana ta matsa masa, don ita ma biyun take so ta ji, kuma ita ce ta rufe masa hanyar faɗin abin da ya fi haka.

Gasa ta matso, saura gudu mai tsawo guda ɗaya kafin a fara hutar da ƙafa. Suka bi hanyar bayan masana'antar ƙarfe, Bev na biye da su a kan keke da gorunan ruwa. Tun rabin hanya Warrick ya daina magana. A hanyar dawowa ya taka kamar yadda ya saba takawa, sai wani abu ya ce ƙas a cikinsa, kamar an karya busasshen ice. Ya zube a gefen titi cikin jar ƙasa, ƙafar ta juya waje. Ma'aikatan motar asibiti suka miƙa masa koren bututun nan da ake shaƙa don rage zafi, ya kawar da kai. Bev ta riƙe masa kai.

Likitan ƙashi bai ɓoye masa ba. Wuyan ƙashin cinyar ya yi makonni da tsagewa, saboda duk nauyin da yake ɗauke wa gwiwar hagu a kan dama yake sauke shi. Da ya zo tun farko, sanda ce da hutu kawai. Yanzu sai an sa ƙarfe, zancen gudu kuma a ajiye shi tukuna, wataƙila har abada.

Washegarin aikin da hantsi allurar da aka kashe masa ƙafa da ita ta sake shi. Noelene na zaune a kujerar gefen gado, jakarta a kan cinya. Zufa ta jiƙe masa matashi, yana riƙe da ƙarfen gado har yatsunsa sun yi fari. Nas ta shigo, ta ce ta karanta tarihinsa, kuma sun tsara yadda za a ba shi kaɗan kaɗan ana sa ido, ba za a bar shi da kwali ya tafi gida ba. Amma ba za ta iya komai ba sai ya faɗa mata gaskiya. Daga ɗaya zuwa goma?

Ya dubi Noelene. Ya buɗe baki zai ce biyu, ciwon ya taso ya datse masa numfashi. Biyun ce ta kawo shi kan gadon nan, kuma ya san amsar, wannan karon ya san ta sarai.

"Tara," ya ce.

A hankali ta fito, yana cije leɓe, kamar ba ya so a ji. Ba shi da wata hanyar faɗin ta. Shi kansa da ya ji muryar sai da gabansa ya faɗi, don ba ta da bambanci da ta da.

"Noelene, wallahi wannan ta gaske ce."

"Na sani," ta ce. "Na ga hoton ƙashin."

Ba ta tashi ba. Ta zauna tana murza igiyar jakarta, shi kuma ya rufe ido, tausayinta da kunya suka cika shi. Nas ta fita ɗauko magani, can suka ji takunta a baranda, ta shigo da ɗan kofin takarda, farar ƙwaya ɗaya na ƙara a cikinsa. A ƙarƙashin duk wannan azabar, Warrick ya ji wani abu a cikinsa ya yi murna, murnar da ya ɗauka ta mutu.

Nas ba ta ko kai tsakiyar ɗakin ba, hannunsa ya riga ya saki ƙarfen gado ya miƙe, tafin a buɗe. Noelene ta dubi hannun. Ta rataya jakarta a kafaɗa.